Ranar da Aka Zo Auna Intanet da Mudu

Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da intanet a aljihunku, ban ga laifinku ba idan kun ɗauka iska ce kawai, kowa ya buɗe hanci ya shaƙa. Hoto ya ɗan tsaya muku na ƙiftawar ido, sai tsaki, sai zagin kamfani, sai a jefar da waya kan katifa. Ni da na ɗauki abin nan a kafaɗa na hau tsani da shi, na san yana da nauyi, yana da hanya, kuma hanyar tana da masu tsaronta. Na tsufa a cikin sana'ar, amma har yau idan na tuna yadda maganar mutum ke tashi daga Dutse ta hau sama ta sauko a wata ƙasa, sai jikina ya yi sanyi. Ku ɗan ajiye latse-latsen nan ku ji.

Sunana Isiyaku. Ba da kwamfuta na fara ba, da tarho mai igiya na fara, a shekarun da aka mai da Dutse babban birnin jiha, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Kano da katifu a saman mota. Kowa ya bar iyali a baya, kowa yana son jin muryar gida. Maigidana Injiniya Bala mutumin Kiyawa ne, ɗan makiyaya da boko ya ɗauko daga bayan shanu. Yana da shago mai layin tarho ɗaya tak da injin faks. Na zo wurinsa da gemuna, bayan na gaji da gyaran rediyo a kasuwa, ina ganin babu abin da ban sani ba a harkar wuta. Satin farko ya sauke mini wannan girman kai.

Aikin da ya fara ba ni shi ne bin igiya. An yi ruwa da iska, layi ya mutu. Ya miƙo mini filaya, da sukudireba mai fitila a gindi, da wani tsohon kan tarho mai 'yan ƙugiyoyi biyu, ya ce in bi waya daga shago har inda ta katse. Turke bayan turke nake hawa, in maƙala ƙugiya in saurara. In shiru ne, sai in sauko in ƙara gaba. In na ji ƙugin nan mai kama da na zuma, to na wuce inda ɓarnar take. A can wajen wata darbejiya na samu inda reshe ya goge roba har jan ƙarfe ya rabu biyu. Na kankare, na murɗa, na naɗe. Da na maƙala don in gwada, ashe har an fara amfani da layin a shago, sai na faɗa cikin hirar wata mata da 'yarta. Na tsaya a saman turke ina ji ina murmushi, na dawo ina ba Maigida labari. Bai yi dariya ba.

"Isiyaku, mu 'yan dako ne," ya ce. "Ba ma kwance buhu mu ga abin da ke ciki, ba ma tambayar na wa ne kafin mu ɗauka. In ka ƙara sauraron maganar mutane, ka ajiye mini filayata ka kama gabanka."

Doka ta biyu a kan benci na koye ta. Benci ɗaya ne a ƙofar shago, wanda ya riga zuwa shi ke gaba. Wata Litinin masinjan wani babban sakatare ya zo da takarda, ya tsallake mutum takwas ya ɗora ta kan faks, wai Oga na jira. A kan layin kuwa wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa tana neman ɗanta a Kano, ko riƙon tarhon ba ta iya ba, ta juya shi baibai. Maigida ya ɗauki takardar ya mayar wa masinja, ya nuna masa ƙarshen benci. Da mutumin ya fara jero muƙaman ubangidansa, sai Maigida ya ce a rijiyar rani ta garinsu garken da ya fara isowa shi ke fara sha, ko da na arɗo ne ke baya, kuma bai taɓa ganin an canza tsarin don girman hula ba. Ofishin nan sun yi fushi da mu na ɗan lokaci, daga baya suka dawo da ƙafarsu, don babu wani faks mai aiki a kusa.

Kwandon satalayit ya iso ne a farkon shekarun shari'a, a bayan babbar mota, an naɗe shi da tsofaffin katifu kamar majinyaci. Faɗinsa ya fi tsawona. Muka zuba masa gindin kankare a bayan shago, muka jira ya bushe, sannan aka zo ranar saiti. Kana da kamfas a hannu, da mita mai allura, da sufana biyu, an ce ka nemo wani ƙarfe da ke rataye a sama, wanda idonka bai taɓa gani ba, ba igiya ba turke. Ka juya kwando ya zarce da kaurin gashi ɗaya, ka rasa shi. Tun hantsi nake juyawa, Maigida yana kallon mita, mutanen unguwa sun kewaye mu kowa ya zama injiniya. Wani ma ya ce mu fuskanci gabas kawai, tunda alheri daga can yake zuwa. Bayan azahar allura ta yi wani ɗan tsalle ta koma. Maigida ya ce, "Kar ka yi numfashi." Na dawo da sufana a hankali, allura ta tashi ta tsaya cak. Na saki ƙarfen na zauna a ƙasa, na ɗaga kai ina kallon sama fayau ba ko girgije, na ce lallai akwai abu a wurin nan, kuma ya amsa mana. Ranar na ji tsoron Allah ya ratsa ni har ƙashi.

Daga nan shago ya zama kafe, wato shagon shiga intanet: kwamfuta goma sha biyu, janareto a baya, da doguwar eriya da muke harba wa wasu ofisoshi layi ta iska. Ga abin da ba ku sani ba. Duk abin da ka aika, hoto ne, wasiƙa ce, murya ce, yanka shi ake yi ƙanana-ƙanana, gutsattsarin su jeru ɗaya bayan ɗaya su hau kwando. Hanyarmu kuwa siririya ce, abin da wayar ɗayanku ke haɗiyewa kafin ya gama hamma, shi muke raba wa rabin gari. Akwai wani baƙin akwati a ƙarƙashin teburina, shi ke tsara wannan jeri. Da 'yan latse-latse kaɗan za ka iya ce masa kayan wane su wuce gaba, na wane su jira, kuma ba mai ganewa. Wani darakta da ya fahimci haka ya aiko a sa ofishinsa a gaba, ya ce ya san yadda zai kyautata mana. Maigida ya aika masa da gaisuwa da ban haƙuri. Da ido ya fara ba shi matsala ya koma Kiyawa noma ya bar mini shago, abin da ya ce kawai shi ne kada in koya wa akwatin nan son kai.

Masu zuwa kuwa iri-iri. Akwai ma'aikatan da ke buɗe imel yau, gobe su manta lambar sirri su ce ni na ɓoye musu. Akwai wani malami da sai ya cire takalmi kafin ya zauna gaban kwamfuta. Amma waɗanda na fi so su ne masu kiran murya. A lokacin, kiran ƙasar waje ta tarho sai mai hali, kuma layin yakan yi sati a mace. Ta kwamfuta kuwa, in an yi alkawarin lokaci da na can ya shiga wani kafe, sai a sa abin ji a kunne a yi magana. Ka yi sallama, ka yi shiru ka jira. Maganarka ta hau ta sauko, amsa ta hau ta sauko, sannan ka ji an amsa. Masu kira haushin wannan ɗan shirun suke ji. Ni kuwa so nake, don na san irin tafiyar da ke cikinsa.

A cikinsu akwai Arɗo Buba daga wajen Miga, dattijo dogo siriri mai sanda da malafa. Baffa nake ce masa. Ɗansa na fari yana karatu a Sudan, a wata makaranta da ba tarho. Ranar Asabar kaɗai ake barinsu su shiga gari, ya sami kafe na awa ɗaya bayan la'asar ɗinsu, mu nan an idar da azahar. Sau ɗaya a wata Baffa yakan hau mota ya zo. Ba ya faɗin sunan ɗan, kamar yadda iyayenmu ba sa kiran ɗan fari, sai dai ya ce, "A nemo mini wancan na Sudan." Da Fulatanci suke hira, kuma da ƙarfi yake yi har masu wucewa a titi su juyo, don a ganinsa nisan wurin yana buƙatar a ɗaga murya.

Shekarar da ta ba ni wuya, abin ya fara ne ba zato. Shafukan manyan kamfanoni suna buɗewa tsaf, imel na tafiya, amma murya ta koma kamar ana magana cikin tulu ana girgiza shi. Kalma ɗaya ta iso, uku su ɓace. Daidai lokacin kuma aka buɗe rajistar jarrabawar shiga manyan makarantu ta intanet, ɗalibai daga Kiyawa da Miga da ƙauyukan tsakani suka cika mini shago tun safe har yamma. A cikin wannan hali Baffa ya zo wata Asabar da ba tasa ba, ya ce in aika wa na Sudan ya fito. Ya yi awa guda yana cewa "kana ji na?" bai sami komai ba. Asabar ta gaba ya dawo, haka aka sake yi. Da lokaci ya ƙare ya cire abin kunnen, ya yafito ni waje gindin bango.

"Ɗan nan, uwar wancan na Sudan ce ta rasu," ya ce. "Yau kwana goma sha ɗaya."

Na yi masa ta'aziyya, na ce bari in rubuta masa imel yanzu, kafin ya bar kujerar can zai gani.

"A'a. Wannan ba maganar takarda ba ce. Ba zai karanta mutuwar uwarsa a gilashi ba, cikin baƙi, da hannun wani. Daga bakina zai ji." Ya gyara riƙon sandarsa. "Akwai 'yan garinmu da za su tafi can ƙarshen wata. In ban riga su ba, a bakin hanya zai tsince ta. Asabar ɗaya ta rage mini. Kuma kada ka gaya wa kowa."

Abin da na rubuta wa ɗan kawai shi ne Baffa ya ce ya dawo Asabar mai zuwa, kada ya fasa. Daga nan na shiga farautar ciwon. Na sauke kan kwando na goge, na canza kebul, na kankare kowane haɗi, na sake saiti har kafaɗata ta sage. Na zargi janareto, na zargi ƙadangaru, na zargi kaina. Ranar Juma'a ce ta tona asiri. Mutane sun watse zuwa masallaci, shago wayam, ina shirin rufewa in bi su sai na gwada kiran wani abokin sana'a a ƙasar waje. Muryarsa ta zo tas kamar yana bakin ƙofa. Da aka sauko daga masallaci kujeru suka cika, na sake gwadawa, ta koma tulu. Na rubuta wa kamfanin da ke sayar mana da layi, suka amsa da ladabi cewa sun sake tsari: murya a ƙarshen jeri take yanzu, ba ta wucewa sai in babu komai a gabanta. Wanda ke son murya mai kyau ya sayi nasu tsarin kiran, wanda kuma tarho kaɗai yake bugawa, ga shi ɗan Baffa ba shi da tarho. Abin da Maigida ya hana ni yi da ƙaramin akwatina, shi suka yi da babban nasu. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Da yammar ranar jami'in hukumar da ke ba mu lasisi ya biyo zagaye daga Abuja, mutum mai kirki, da jakar takardu da igiyar awo. Ya auna eriya, ya duba lasisi, ya sa hannu. Na ce Allah ne ya kawo shi, na nuna masa amsar kamfanin. Ya karanta sau biyu.

"Malam Isiyaku, takardarmu ta ce in auna tsawon ƙarfenka, in duba ko ka shiga zangon wani, in ga lasisinka. Akwatin da kake kuka da shi yana ƙasar da ko bizarta ba ni da ita. Wakilinsu na Legas zan iya rubuta masa, zai ce shi dillali ne kawai. Kai ko a Dutsen nan akwatin yake, babu layi ɗaya a dokarmu da ya ce dole a ɗauki murya daidai da hoto. Waɗanda suka rubuta ta ba su hango wannan ba."

"To ranka ya daɗe, wa zan kai wa ƙara?"

Ya ɗaga kai ya dubi inda kwando ke kallo, ya yi 'yar dariya, ya sha ruwan da na ba shi ya shiga mota. Ban ji haushinsa ba. Mamaki ne ya kama ni, a ce ga hukuma da hatiminta da motarta, amma ikonta ya tsaya a bakin kwandona.

Asabar ta uku ita ce kuma ranar ƙarshe ta rajistar ɗalibai. Tun asuba suke kan benci, wasu sun kwana a gidajen dangi. Ofisoshi a rufe suke, saboda haka kwamfutocin nan goma sha biyu su kaɗai ke kan hanya. Na san maganin sarai. In lokacin Baffa ya yi, in sunkuya ƙarƙashin tebur in zare igiyar sauran sha ɗaya, in miƙe in ce sabis ya ɗauke. Wa zai musa, bayan kullum yana ɗaukewa? Shafin rajistar kuwa in ya katse, korar ka yake yi ka faro daga sunanka. Ba zan yi muku ƙarya ba, bayan azahar har na sunkuya, yatsuna suna kan igiyar, ina ce wa kaina ai don alheri ne. A haka na ji sallama a bakin ƙofa.

Malam Ɗahiru ne, shugaban kwamitin da a wancan lokacin ke zagaya kasuwa yana duba mudu da sikeli, ko an dake gindin kwano don a tauye awo. Dattijo ne gajere mai farin gemu, ba ya ɗaga murya, amma masu hatsi suna ganinsa suke gyara zama. Daga kasuwa suke, ɗaya daga cikin mutanensa yana riƙe da mudun gwaji, ɗayan da sarƙar garƙame shago. A bayansu ga Baffa Arɗo. Ashe a tasha wani ya ce masa cutarsa nake yi, manya nake cika wa awo shi in ba shi ƙanzo, shi kuwa ya san Malam tun a kasuwar shanu, ya je ya faɗa masa.

"Malam Isiyaku, an kawo ƙararka," in ji Malam Ɗahiru. "Me kake sayarwa a nan, kuma da me kake aunawa?"

Ɗalibai suka fara gimtse dariya ganin mudu a cikin kafe. Ni ban yi ba, don na ga sarƙar. Na ce masa hanya nake sayarwa, kuma da lokaci nake aunawa. Na zaunar da shi gaban kwamfutata, na buɗe shafin wani babban kamfani, ya buɗe nan take. Na sa masa abin ji a kunne na kira Sudan, don lokaci ya yi, ɗan yana can yana jira. Ya ji gutsuren sallama, ya ji ta narke. Na fito da baƙin akwatin na nuna masa jerin, cewa ban sa kowa gaban kowa ba. Sannan na fassara masa wasiƙar kamfanin kalma bayan kalma, na yi masa bayanin yadda magana ke hawa sama ta sauka a ƙasarsu kafin ta wuce Sudan. Ya daɗe yana kallon allon.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Wato maganar Arɗo sai ta je ƙasar da bai taɓa jin sunanta ba, a can a tsayar da ita a ce ta jira." Ya juya ga mai mudu. "Wannan ai shi ne mai kwano biyu, na saye daban na sayarwa daban. A rubuta masa sammaci."

"Allah ya gafarta Malam, yana bayan teku."

"Hukumarku fa?"

Na gaya masa abin da jami'in Abuja ya ce. Ya shafa gemu, ya dubi mudun, ya dubi sarƙar, ya ce wa mai riƙe da ita ya kai ta mota. Sai ya tambaye ni ko akwai dabara. Na ce akwai: murya tana wucewa in babu komai a gabanta. Na kuma gaya masa gaskiyar abin da ya tarar ina shirin yi a ƙarƙashin tebur, don kunya ta riga ta kama ni.

"Da ka yi, da na garƙame shagon nan da hujja," ya ce. "Ka saci awon mutum goma sha ɗaya ka cika wa ɗaya, ai kai da su na bayan tekun kun zama ɗaya."

Ya miƙe ya tsaya a tsakiyar shago, ya yi gyaran murya. Ya ce dattijon nan yana da magana da ɗansa wadda ba za ta kai wata Asabar ba, kuma ba za ta wuce ba sai kowa ya rufe shafinsa na minti goma. Bai faɗi ko wace magana ce ba, shi ma bai sani ba. Na ƙara da cewa duk wanda ya rufe zai faro daga farko, kuma ba zan kashe janareto ba sai na ƙarshensu ya gama, amma ba ni da tabbacin shafin zai sake karɓarsu, don ranar duk ƙasar nan a kansa take. Wani saurayi daga Kiyawa, wanda ya kusa kai ƙarshen fom ɗinsa, ya ɗago kai.

"Malam, doka ce?"

"A'a, ɗana. Ba ni da wannan ikon. Awonka ne, ka riga ka zo, babu mai taɓa maka shi. Roƙo nake yi."

Na ga Malam Ɗahiru yana ƙwace sikeli a hannun manyan 'yan kasuwa ba tare da ya nemi izinin kowa ba, amma ban taɓa ganin girmansa kamar lokacin da ya faɗi wannan ba. Wata ɗaliba a kujerar lungu, wadda sau uku shafin yana korar ta tun safe, ita ta fara. Ta dubi Baffa da ke tsaye ya jingina da sanda, idonsa a ƙasa, ta rufe shafinta ta naɗe hannu cikin hijabi. Na kusa da ita ya bi. Haka aka yi ta yi ɗaya bayan ɗaya, ina kallon fitilun akwatin da ke ta ƙyaftawa suna lafawa. Saurayin Kiyawa ne ya rage. Ya kalli fom ɗinsa, ya ja tsaki, ya ce wallahi in ya rasa jarrabawar nan babansa ba zai yarda da wannan labari ba. Sannan ya rufe.

Na zaunar da Baffa, na gyara masa abin kunne a ƙarƙashin malafa, na danna kira, na ja da baya zuwa bakin ƙofa. Ya yi sallama. Aka yi ɗan shirun nan, sai na ga kafaɗarsa ta motsa, na san amsa ta iso cikakkiya. A duk zuwan da yake yi, ranar ce kaɗai bai ɗaga murya ba. Ya yi magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci, jimla uku ko huɗu, ya dakata. Wannan shirun ya fi na kullum tsawo. Ba a jin komai sai janareto a baya. Can sai ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," a hankali, kamar mai raka wani a karatu. A nan duk wanda ke shagon ya gane. Malam Ɗahiru ya sunkuyar da kai. Ɗalibar nan ta ja hijabi ta rufe fuska. Baffa ya ci gaba da magana cikin lallashi, yana tsayawa yana jiran amsa ta hau ta sauko, kuma ko kalma ɗaya ba ta faɗi a hanya ba. Minti goma suka wuce, ba wanda ya dubi agogo.

Da ya gama ya cire abin kunnen da hannu biyu, ya ajiye shi a kan tebur a hankali. Ya ɗauki sandarsa ya miƙe, ya dubi ɗaliban ɗaya bayan ɗaya, ya ce Allah ya ba su abin da suka zo nema. Da ya iso inda nake sai ya tsaya.

"Ya ji, ɗan nan," ya ce. "Daga bakina ya ji."

Ya fita ya nufi tashar Miga. Babu wanda ya taɓa kwamfuta sai da ya sha kwana.